Kujera Ɗaya Zuwa Alƙahira

Mutumin da ya yanka mini tikiti a Birnin Kebbi ya ce sabon jirgi ne fil, ko ƙamshin kamfani bai bar shi ba. Nan kam bai yi ƙarya ba. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne, wanda ya ƙera kujerun bai taɓa ganin mace mai ƙugu ba. Uku a dama, uku a hagu, sai 'yar siririyar hanya a tsakiya wadda in mutum biyu suka yi kiciɓis dole ɗaya ya hau cinyar wani. Ni ba doguwa ba ce, amma gwiwata na manne da bayan kujerar gaba. Na danna maɓalli in ɗan kishingiɗa, kujera ta ce ba ta san zancen ba. Wallahi bencin ajinmu na sakandare ya fi ta imani.

Sunana Kulu, a Gwadangaji aka haife ni, ƙunshi ne sana'ata. Tun ina makaranta nake zana wa amare lalle, har ya zama in ana biki tsakanin unguwarmu da Ambursa da wuya a rasa hannuna a ciki. Wata 'yar Sudan mai shagon gyaran amare a Alƙahira, Madam Salwa, ta ga hotunan aikina a waya ta neme ni. 'Yan Najeriya sun yi yawa a unguwarta, masu karatu da masu jinya, tana son wadda ta san irin zanenmu kuma take jin bakinsu. Sharaɗinta ɗaya ne, ta kuma maimaita shi har na haddace. Akwai babban biki ranar Alhamis. In na zo na yi wa amarya ƙunshi ta gani da idonta, aiki nawa ne. In ban zo ba, akwai wata 'yar Chadi da ke zaune tana jira. Abin da aka sha kafin tafiyar nan ta haɗu, ni da Ummata kaɗai muka sani. Na tashi ran Litinin, za mu yada zango a wata ƙasa mu sauya jirgi, Talata da hantsi ina Alƙahira. Har ina ganin na bar rara.

Ba zan faɗi sunan kamfanin jirgin ba. Ba tsoronsu nake ba, bakina ne ya gaji da ambatonsa.

A filin jirgin Kano aka rataya mini Inna Tumba. Ina waya da Umma, wani mutum mai jar hula ya tsaya yana saurarena ba ko kunya. Ina kashewa ya ce, "Ke mutuniyar Kabi ta?" Kafin in ce e ko a'a ya jawo wata tsohuwa ta gefen mayafi. "Ga Inna Tumba, daga Argungu. Alƙahira za ta. Ba ta taɓa hawan jirgi ba, ba ta jin Turanci. Amana na ba ki, ɗiyata." Ya karɓi wayata ya sa lambar waɗanda za su tare ta, ya yi mini doguwar addu'a, ya juya. A tashar mota na san ana haka. Ban san har a jirgin sama ana ɗora wa mutum tsohuwa ba.

Muna shiga ta hango kujera kusa da taga a gaba-gaba, ta zauna, ta tuɓe takalmi, ta ɗora ƙullinta a cinya. Mai kujerar ya iso, wani Ba'indiye da 'yar jakarsa, ya tsaya yana nuna mata katinsa.

Na ce, "Inna, tashi, ba wurinki ba ne. Namu na can baya."

"Wa ar riga zuwa, ni ko shi?"

"Nan ba a haka. Kowa da lambarsa."

"To shi je shi zauna lambata, na bar mishi."

Layi ya tsaya a bayanmu har bakin ƙofa, ana ta tsaki da yare iri-iri. Da ƙyar na ɓamɓaro ta. Muka isa baya, ashe lambarta ma ba kusa da tawa take ba. Ita tsakanin maza biyu, ni can gaba kaɗan tsakanin wasu mazan biyu. Ta dubi na dama ta dubi na hagu, ta ce ko a kwalekwale ba a taɓa yi mata haka ba. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji mutumin Jega mai zuwa sarin kaya, ya yi dariya ya tashi ya bar mini wurinsa. Shi ne alheri na farko da na gani a tafiyar, ban ma gode masa da kyau ba don a cike nake.

Aka rufe ƙofa. Inji ya ɗauka, ya yi gurnani, ya yi shiru. Ya sake ɗauka, ya sake yin shiru. Matuƙi ya yi magana ta lasifika da muryar mutumin da ya ci ya ƙoshi, wai wata 'yar fitila ce ta kama, za a duba, kada kowa ya damu. Aka kashe na'urar sanyi. Muka zauna a cikin gwangwanin nan rana na dukansa, yara na tsala kuka, masu jiran bayi sun cika hanya, don guda biyu ne a can ƙarshe na dukanmu.

Inna Tumba ta taɓa ni. "Mi ya hwaɗi?"

"Ya ce injin ake dubawa."

"Sabon?"

"Sabon."

Ta ce, "Mu can gulbi in inji ya mutu, gora aka ɗauka a tuƙa. Nan in ya mutu bisa, mi aka ɗauka?"

Na ce ta yi salati ta bar ni in ji da zafi.

Matar masunci ce, ita kuma bandar kifi take yi tun tana yarinya, ko ba ta faɗa ba mayafinta ya faɗa. Don in kashe lokaci na tambaye ta wa za ta gani a Masar. Ta kau da fuska ta ce, "Wani yaro na, ɗan gidanmu. Bai da lahiya." Ban ƙara ba. Hankalina na kan agogo.

Sai bayan la'asar muka tashi. Duk tsawon tafiyar ta ƙi shan ruwa don kada ta buƙaci bayin nan, ta ce ba ta ratsa maza ta shiga akwati su kuma suna jiran ta fito. Ko da muka sauka ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Tun a sama nake fargabar jirginmu na biyu ya tafi ya bar mu. Ashe wahalar banza na ba zuciyata. Bai tafi ba, don babu shi. Allon da ke nuna tashin jirage rabinsa ja ne. Aka ce mu jira gobe. Ba mu da bizar ƙasar, saboda haka ko ƙofar fita ba a bari mu leƙa ba. A kan kujerun ƙarfe muka kwana, masu hannu a tsakani, irin waɗanda aka yi musamman don kada talaka ya miƙe ƙafa.

Da gari ya waye na je jikin gilashi, na ga abin da har yau ban manta ba. Jirage sababbi, irin namu sak, a jere can gefe, fenti sai walƙiya yake. Amma ƙarƙashin fikafikan wasu babu komai, sai ƙarfen da ake rataya inji an naɗe shi da leda. Waɗanda ke da injin kuma an toshe musu baki da jan murfi.

Alhajin Jega ya zo ya tsaya kusa da ni da kofin shayi. Ya saba bin hanyar, ba abin da ke ba shi mamaki.

Ya ce, "Kin ga abin da ya tsare mu. Injin ga bai shan mai da yawa, shi ya sa kowa ya ruga ya saya. To ashe bai da jimiri. Masu shi sun ce a kwance a kai musu su duba, kuma layi aka bi, awa dai layin asibiti. Jirgin da za shi kai mu, ta yiwu wancan na mai hannu guda."

"To don me suke sayar da tikiti in ba su da jirgi?"

"Sun tsara tahiya awa duk jiragensu lahiya lau suke. Kullum sai a haɗa mutanen jirgi biyu a ce su shiga guda. Wanda ya samu ya samu."

"Ni fa Alhamis nake da aiki."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Allah shi kai mu."

Wajen azahar aka kira mu. Muka ruga, ina jan Inna da hannu ɗaya, jakata a ɗayan. Aka zuba mu a bas, ta kai mu har gindin jirgi ta tsaya, amma ba a buɗe ƙofa ba. Ta taga muna kallon makanikai a kan tsani, sun buɗe cikin injin kamar an farke rago. Suka leƙa, suka haska, suka kira wani ya zo shi ma ya leƙa. Da na ga ya cire hula ya sosa kai na san an gama. Bas ta juya da mu. Wata 'yar Kamaru ta fashe da kuka. Ni zagi na yi, da Hausa, don ya fi fita.

Muka koma kanta. Ma'aikaciyar da ke wurin, wata doguwa mai tabarau, ta ɗaga murya ta ce jirgin gobe Laraba ya riga ya cika da nasa mutanen. In an samu gurbi, masu gaggawar asibiti ko rasuwa za a fara ba. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambaya. Da ta zo kanmu na juya wajen Inna.

"Inna, yaron nan da za ki gani, mene ne naki?"

"Na hwaɗa miki ɗan gidanmu na."

"Jikin ya yi tsanani?"

"Da sauƙi."

"Inna, kujera za su bayar, shi ya sa suke tambaya. Da sauƙi ko ba sauƙi?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ce wa mai tabarau babu gaggawa, ziyara ce kawai. Ta danna kwamfuta ta wuce. Ni da aka haifa a Kebbi, ni da na sha jin an ce da sauƙi a kan mutumin da kafin magariba an kai shi makwancinsa, na ɗauki maganar yadda Bature zai ɗauka.

Yinin nan ya yi tsawo. Takardar abincin da suka ba mu ta ƙare a kan wani burodi mai sanyi da ganye a ciki, Inna ta buɗe ta duba ta rufe ta ce a ba akuya. Wata mai shara, baƙa siririya, ta same mu a bayi muna fama da alwala a famfon da sai ka yi masa rawa da hannu yake kawo ruwa. Ba ma jin yarenta, ba ta jin namu. Ta fita ta dawo da gorar roba ta cika mana, ta ja mu bayan wani shago da ke rufe inda sanyin na'ura bai kai ba, ta shimfiɗa mana kwali. Inna ta yi ta sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana ta gyaɗa kai kamar tana ji.

A kan kwalin nan Inna ta kwance ƙullinta. Bandar kifi ce, an naɗe ta leda bayan leda, ta ce ta mai jinya ce amma ba ya rasa yafe mana kaɗan. Ta ɓantaro ta miƙo mini da ƙuli-ƙuli. Ƙamshin hayaƙin ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu, Umma na tuƙa tuwon shinkafa tana yi mini faɗa na bar lalle a kwanon miya, masu keke na ta hon a bakin titi suna kiran 'yan cikin gari. Na tashi na koma bayi na yi kukana inda tsohuwa ba za ta gani ba. Ina fitowa saƙon Madam Salwa ya shigo: ina nake, Alhamis fa jibi ce.

Ranar Laraba tun da aka buɗe kanta na dasa kaina a gaban mai tabarau. Na yi Turancin da malamanmu ba su san sun koya mini ba. Na roƙa, na yi faɗa, na nuna mata hotunan hannayen amare, na ce in na rasa aikin nan ita za ta ciyar da uwata. Ta ce in koma in zauna, na ce na zauna tun Litinin, ya ishe ni. Duk wanda ya zo sai ya yi magana ta saman kafaɗata. Can wajen hantsi ta sauke tabarau ta murza ido, ta ce wani bai zo ba, akwai kujera ɗaya. Ta buga kati ta turo mini kamar mai korar ƙuda.

Na ce, "Tsohuwar fa?"

"Juma'a. In an samu jirgi."

Alhajin Jega ma Juma'ar aka ba shi, ya ce in tafi abina zai kula da Inna. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, kamar an sauke mini buhun shinkafa daga ka. Abin da ya rage kawai in kira masu tarenta in gaya musu ranar ta sauya.

Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Balkisu, matar mai jinyar. Na yi mata bayani a gurguje.

"Juma'a?" in ji ta. "Gobe da safe za a shiga da shi tiyata. Zuciya ce. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce ana iya fitowa, ana iya rashin fitowa. Shi ya dage ba za a taɓa shi ba sai ya gan ta. An riga an ɗaga saboda ita, sun ce ba za su ƙara ba."

"Wai shi mene ne nata?"

Ta ce, "Ba ta faɗa miki ba ko? Ai ba za ta faɗa ba. Ita ta haife shi. Malam Garba ɗanta ne na fari."

Na tsaya da waya a kunne bayan ta kashe. Kunyar ɗan fari. Kowa a garinmu ya san ta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne, ba ta kallonsa a gaban mutane, tun yana jariri ake miƙa shi ga kaka ta raine shi. Su Umma sun ɗan sassauta, amma irin su Inna Tumba da ita za a binne su. Tun a Kano take gaya mini ko wane ne shi da yadda take kau da fuska, ni ce ban duba ba.

Na same ta a kan kwali tana jan carbi, Alhaji na gefe yana cajin waya.

"Inna, ɗanki ne?"

Ta ci gaba da jan carbinta.

"Magana nake. Mutumin da za a yanka gobe, ke kika haife shi?"

"Ke ɗiyag ga ba ki da kunya."

"Ba ni da ita. Jiya a gaban matar can na tambaye ki har sau nawa, kika ce da sauƙi. Da kin faɗi gaskiya da tuni katinki na hannunki."

"To mi za ni cewa? In tsaya cikin mutane in ce…"

Na ɗaga katin na kai shi gaban fuskarta. "Kin ga wannan? Aikina ne. Shi ne duk abin da muka sha ni da uwata. In zan zubar da shi, ba a kan wani yaro ɗan gidanku zan zubar ba. Ki faɗa da bakinki. Ki ce ɗana ne. Ko sunansa kawai ki faɗa in ji."

Alhaji ya ce, "Haba ɗiyata, ba a haka. Ta haihi uwarki."

"Alhaji, ba kai za ka rasa aiki ba."

Inna ta ɗago ta dube ni. Idanunta sun yi ja amma babu hawaye. Ta ce, "Tahi ki hau jirginki, Allah shi ba ki sa'a. Abin da Allah ya rubuta mishi, ko ina nan ko ina can, shi za a yi." Ta juya fuska wajen bango. Carbin na hannunta, amma ba jan sa take ba, hannun ne kawai ke rawa.

Na ɗauki jakata na tafi. Da gaske na tafi, har ƙofar da za a shiga jirgi, na samu wuri na zauna. Ina jin haushinta, ina jin haushin mai jar hula, da kamfani, da wanda ya ƙera injin da ba ya jimiri, da kakannin da suka ƙirƙiro wannan kunya. Na gaya wa kaina ba ni na hana ta magana ba. Na gaya wa kaina ba uwata ba ce, ranar Litinin na fara ganinta. Duk gaskiya ne. Kada kowa ya ce tausayi ne ya tashe ni, ban ji wani tausayi ba a lokacin. Na dai san sana'ata riƙe hannun mutane ce. In na hau jirgin nan, duk amaryar da ta miƙo mini nata, hannun Inna mai rawar nan zan riƙa gani.

Mai tabarau na ganina ta dafe kai. "Ke kuma? Me ya rage?"

Na ce ta ba tsohuwar kujerata.

"Ba motar kasuwa ba ce da za ki ba wanda kika ga dama. Kuma jiya da bakinki kika ce ba gaggawa."

"Jiya ban iya fassara ba."

Na kira Balkisu, ta haɗa mai tabarau da wata nas a asibitin, suka yi ta magana. Aka kira babban ma'aikatan kantar, ya zo yana duban agogo. Ya ce in na saki kujerar ta tafi ke nan, kuma Juma'ar ma ba alkawari ba ne. Na ce na ji. A gabana mai tabarau ta yaga katina gida biyu ta jefa a kwando, ta buga wani.

Aka kawo keken marasa lafiya saboda ƙafarta. Inna ta hau ba musu, ƙullinta a cinya, takalmi a hannu. Ba ta ce na gode ba, ban kuma jira ba. Sai da mai turawa ya juya keken ta kama gefen mayafina.

"Bakinki ya cika kaihi, ɗiyag ga. Allah shi ba ki miji kurma."

Na ce amin.

Ban bar jikin gilashi ba, don na daina yarda da jiragen nan sai na gani da idona. Aka tura jirgin su Inna baya, ya tafi a hankali ya wuce 'yan'uwansa marasa inji, ya kai bakin titinsa ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Na ce ya Allah, in wannan ma ya juyo na yi asara biyu. Sai na ji gurnaninsa ta cikin gilashi, ya zabura, ya ɗaga. Na bi shi da kallo har ya zama kamar tsinke, sannan na koma kan kwali.

Na aika wa Madam Salwa dogon saƙon murya na gaya mata komai. Ta amsa da layi ɗaya, wai Allah ya kawo ni lafiya. Ranar Alhamis da yamma ta sa hoton hannun amarya a shafin shagonta. Zanen 'yar Chadi ya karkace a wajen ɗan yatsa, furen ma ya yi cunkoso, amma wa ya tambaye ni.

Juma'a ta zama Asabar. Jirgi irin wancan, kujera irin waccan, tsakanin maza biyu, wannan karon ko tsaki ban iya yi ba. Na sauka Alƙahira na wuce shagon duk da na san amsar. Madam ta ba ni shayi mai zaƙi, ta riƙe hannuna ta ce ta ji ba daɗi, amma wuri ya cika. Na fito titi da jakar lalle, motoci na ta hon, ban san gabas ba ban san yamma ba. Lamba ɗaya ta rage mini a garin, na kira.

Balkisu ta zo ta ɗauke ni zuwa ɗakin da suka kama kusa da asibiti. Malam Garba ya fito da rai, yana can kwance da robobi a jiki. A ɗakin na zauna, a kan katifa ɗaya da Inna, har na fara samun matan 'yan Najeriya da ke kirana gida-gida. Har yau haka nake yi. Wata rana a samu, wata rana in dawo da lallena a kwaɓe ya bushe a banza. Umma na tambaya ya shago, ina ce mata da sauƙi.

Ranar da na iso, bayan na ci abinci, na ce wa Balkisu ta gaya mini yadda aka yi da Inna ta shiga wurinsa. Ina son in san abin da na saya da aikina.

Balkisu ta saci kallon Inna, wadda ke zaune a lungu tana ɓare kifi za a yi wa mai jinya romo, ta rage murya. "Ta shiga ta gaida likita. Ta gaida nas. Ta gaida Balaraben da ke gadon kusa, wanda ko kalma ɗaya bai ji ba. Shi kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Yana ta cewa Inna, Inna, ta zauna a bakin gadon ta ba shi baya, ta ce da ni, ki ce mishi shi yawaita addu'a."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai da safe da aka zo tura gadon, ya ƙi tafiya. Aka duba taya, lafiya lau. Nas ta ɗaga bargo, ashe ta cusa hannu ta ƙasa ta riƙe ƙafarsa. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta."

Daga lungu, ba tare da ta ɗago daga kan kifinta ba, Inna Tumba ta ce, "Ƙarya kika yi. Gado nir riƙa. Jiri nika ji."